Idan ta dawo gida da kuka, ku bar ta ta shigo

Assalamu alaikum 'yan uwa. An sake turo cigiyar nan yau a zauren WhatsApp na unguwa, kuma na kasa ɗauke ido daga hoton. Yarinya ce ɗanya shakaf. An ce ta fita daga gidan mijinta bayan asuba, ba ta isa gidan iyayenta ba, wayarta a kashe. An zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da gidajen dangi, shiru. Watanni sun shuɗe. Waɗanda suka san gidan sun ce ba wannan ne fitarta na farko ba. Ta sha zuwa gida da kumburarriyar fuska, ana lallaɓa ta a mayar da ita kafin magariba.

Maganata da ku ce, iyaye. Baba, Inna, Gwaggo, Kawu, da kai Yaya da aka ɗora wa riƙon gida.

Yarinya ta zo tana rawar jiki, ta ɗaga mayafi ta nuna shatin bulala, me muke ce mata? "Aure ibada ne, ki yi haƙuri." "Mu ma haka muka zauna." "Kada ki ja mana abin kunya." Wani uban har rantsuwa yake yi cewa in ta kwana a gidansa bai yafe ba. Ko ruwa ba ta gama sha ba an tare a daidaita sahu, an haɗa ta da ƙaninta ya raka ta. Ko biko ba ma jira mijin ya zo. Mun sauƙaƙa masa, mun nuna masa cewa duk abin da ya yi mata za a dawo masa da ita har ƙofa.

Ita ma ta gane. Ranar da abin ya kai maƙura, ba gida za ta nufa ba, don ta san amsar da ke jiranta. Tasha za ta nufa, da ɗan canjin da ta ƙulle a bakin zane, ba ta san kowa ba a inda motar za ta tsaya. A can kuwa akwai masu jiran irinta: mai alkawarin aikin gida a birni, mai cewa zai kai ta ƙasar waje. Hanyar Agadas zuwa Libiya ta ci 'ya'yan mutane da yawa, kuma ba don wasa aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tun 2003 ba. Wata kuma ba ta ma kai tasha ba. Mijin ne kaɗai ya ce ta fita, aka karɓi maganarsa, ba wanda ya tsananta tambaya. Sai kuma mu ƙara mata da ƙazafi, wai ta bi wani namiji. Innalillahi! Baiwar Allah ba ta nan balle ta kare kanta.

Wane addini muke karewa da wannan? Matar Sabit ɗan Ƙais ta je wurin Manzon Allah (SAW) tana neman rabuwa, alhali ta faɗa da bakinta cewa ba ta zargin mijin a hali ko addini. Bai kore ta ba. Ya tambaye ta ko za ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki, ta amsa, aka raba su. Barira fa? Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Annabi da kansa ya sa baki. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, aka ƙyale ta. A waɗannan ruwayoyi, ba ma ƙarar bugu suka kawo ba. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, ko mijin bai so ba. To mu su wa ne da za mu fi Annabi kishin aure?

Na san abin da ke ranku, wallahi na sani. Bashin kayan ɗaki bai gama biyuwa ba. Gida ya cika, abinci ya yi tsada. Ga gorin maƙwabta, ga kalmar bazawara da ke yi wa uwa nauyi a ƙirji. Ba mugunta ce ke sa yawancinku mayar da ita ba, tsoro ne. Amma ku je ku dubi uwar da ke zabura duk sanda aka taɓa ƙofa, wadda ba ta yi zaman makoki ba kuma ba ta huta ba. Ku tambaye ta ko yau za ta damu da gorin wani.

Don Allah, in ta zo, ku bar ta ta kwana. Ku kai ta asibiti a duba ta, a rubuta abin da aka gani. Ku kira mutum daga danginsa da mutum daga danginta kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce, a zauna tana wurin, a ji ta bakinta. In abin ya faskara, ga Hisba, ga kotu. Kuma in har ta ɓace, ku kai rahoto a ranar, kada ku ɓoye kuna jiran ta dawo don gudun surutu. Wanda aka gan ta da shi a ƙarshe, a tambaye shi da gaske, ko surukinku ne, ko ɗan aminin Baba ne.

Ya Allah ka bayyana wannan yarinya, ka bayyana duk 'ya'yan da ake cigiya, ka tona asirin wanda ya san inda suke ya yi shiru.

Baba, kada ka tare mata mota yau. Inna, ki shimfiɗa mata tabarma. Don girman Allah ku bar ta ta shigo.