Laftop ko destop, duk inda ka juya sun riga sun ɗaure ka

Wallahi wannan lamari na sayen kwamfuta ya fara isata. Mutum ya ce zai canza kwamfutar gida, wadda yara ke aikin makaranta a kai, ake buga takardu ake kallo, sai kowa ya taso maka da magana ɗaya, wai ai laftop ake yayi, wa ke sayen destop a wannan zamani. To yayi ɗin me? Kwamfutar da daga ranar da ka saye ta har ta mutu tana kan tebur ɗaya caja a jone, ina amfanin sirantakar da ake maka talla da ita? Kai da ba ka fita da ita ko ƙofar gida.

Kuma ai ba don son ranmu muke canzawar ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ta ce sai kwamfutarka tana da TPM 2.0, wani ɗan sashe na tsaro da ke cikinta, sannan firosesa in na Intel ne sai daga ƙarni na 8 zuwa sama in ban da 'yan kaɗan. Ma'ana kwamfutoci masu lafiya ƙalau, suna tashi suna aiki ba su taɓa ba kowa ciwon kai ba, rana ɗaya an ce sun tsufa. Haba jama'a.

To ka zo kan laftop ɗin da ake ta zuga mutane su saya. A da in ka juya bayanta akwai 'yar ƙofa, ka kwance sukuru ɗaya ko biyu ka ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, batir kuwa maɓalli za ka ja ya fito a hannunka ka sa sabo. Yanzu fa? An like RAM ɗin da dalma a jikin madabod, babban allon da komai ke jone a kai, abin da ka saya da shi da shi za ka ƙare, in 8GB ne to 8GB ne har abada ko da burauza kaɗai ta cinye shi. Apple ta yi haka tun 2012 a MacBook Pro mai Retina, RAM a like batir a manne da gam, zuwa 2016 har SSD, ma'ajiyar fayiloli, ta like a wasu samfuran, sauran kamfanoni kuma maimakon su ga abin kunya ne sai da yawansu suka bi sahu. Ka duba siraran laftop na yanzu, yawanci in ka ga an rubuta LPDDR a wajen bayanin RAM to ka san babu zancen ƙari. Kuma mai sayarwa ba zai taɓa buɗe baki ya gaya maka ba, shi dai kala da sirantaka zai yi ta nuna maka yana shafa murfin.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gyara. Wadda nake da ita hinjin murfinta ne kawai ya tsage ya ja wayar sikirin, ɗan abu, amma mai gyara ya ce sai an canza murfin gaba ɗaya saboda komai a manne yake. Kibod ma haka, a wasu an dasa shi a jikin saman kwamfutar, maɓalli biyu su mutu sai a ce ka sayi rabin jikinta. Ruwa ya ɗan zuba? Shi ke nan, saboda firosesa da RAM da komai suna ƙarƙashin yatsunka. A destop in ruwa ya zuba kan kibod ai sai ka cire ka jona wani, ko kashe kwamfutar ba sai ka yi ba.

Batir kuma kar ma a yi maganarsa, irin na litiyom ne, ko ka lallaɓa shi kamar ƙwai ƙarfinsa raguwa yake da yawan caji da zafi, wani har ya kumbura ya tura wajen maus sama. Sai da Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 dole batiran irin waɗannan na'urori su zama mai kaya zai iya cirewa ya canza da kansa. Wai sai an kafa doka kafin a dawo mana da abin da muke da shi tun asali.

Ga kuma rainin hankali wajen suna. Za ka ga lamba iri ɗaya a laftop da destop ka ɗauka ƙarfinsu ɗaya, ina! Katin hoto RTX 4090 na destop wat 450 yake ja, na laftop iyakarsa 175, kuma abin da ke cikinsa ma irin na 4080 ɗin destop ne, suna kawai aka ara. Dalili ba ɓoyayye ba ne, siririn jiki ba shi da inda zai kai zafi, 'yar fanka ce take ta ihu, da zafi ya yi yawa sai firosesa ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Ka biya kuɗin gudu, kana samun rabi.

Amma kar masu destop su fara murna, su ma da nasu. Na farko ba batir, wuta ta ɗauke kana tsakiyar rubutu komai ya tafi, sai ka ƙara sayen UPS mai riƙe wuta. Sai sikirin daban, kibod daban, sifika da kyamara daban, wasu ko wayifai babu sai ka nemo, wayoyi kuma sun cika bayan tebur. Wannan duk zan iya haƙura. Wanda ba zan haƙura ba shi ne manyan kamfanoni masu haɗa destop a kwali, su sa maka madabod da akwatin wuta masu siffa tasu ta daban, soket ɗin ma ba irin na kowa ba, ranar da akwatin wutar ya ƙone ba za ka iya sa na gama-gari ba sai nasu. Wato abin da ya sa mutum ya gudo daga laftop sun biyo shi da shi har nan. Irin wadda aka haɗe komai a bayan sikirin kuwa, wannan laftop ce kawai aka cire mata batir aka tsayar, ta kwaso matsalar ɓangarorin biyu.

Ni dai in kwamfutar gida ce wadda ba ta zuwa ko'ina, destop zan ɗauka, wadda aka harhaɗa da kaya na gama-gari, madabod da akwatin wuta irin ATX, wato tsarin da kowa ke bi, RAM mai cirewa, ramin SSD na ƙari. Wanda aikinsa ke sa shi yawo ko ɗalibi, dole laftop, ba gardama, amma don Allah kafin ka miƙa kuɗi ka tambaya, RAM ɗin a like yake ko ana cirewa, SSD fa, batirin da sukuru aka ɗaure ko da gam. In mai sayarwa ya fara kame-kame yana ce maka ai wannan sabon fita ce ba ta lalacewa, ka nemi lambar samfurin ka duba a intanet da kanka a gabansa.