Majaujawar lantarki da masu kiran a koma tururi

Tun 2017 Trump ke cewa a mayar da majaujawar da ke cilla jiragen sama daga kan manyan jiragen ruwan yaƙin Amurka daga lantarki zuwa tururi, mutanenmu kuma suna ta tafi, wai tsohon hannu ya fi. Ni dai ban bi su ba, duk da na san inda haushin ya samo asali.

Filin da ke kan jirgin ruwa bai isa jirgin sama ya ɗauki gudu da kansa ba, sai an maƙale ƙafarsa ta gaba a majaujawa mai tsawon kusan mita 90, ta cilla shi cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Turawan Ingila ne suka fara gwada ta tururi a kan jirgin ruwansu HMS Perseus a 1950. Wadda ke kan jirgin ruwan Amurka USS Gerald R. Ford kuwa, mai suna EMALS, da lantarki da maganaɗisu take aiki.

An yi alkawarin sai ta yi harbi 4,166 kafin ta ba da matsala. Da aka gwada tsakanin 2019 da 2020, sai ga shi kusan duk harbi 181 tana cijewa. A watan Yunin 2020 ma ta yi kwanaki a tsaye a tsakiyar teku. Jirgin dala biliyan 13 fa!

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara. Majaujawa huɗu ne a jirgin, wutarsu a haɗe take, ba a iya kashe ɗaya a shiga cikinta sauran na aiki. Duk bakaniken da ya san aikinsa zai ce maka nan gizo ke saƙa. Ta tururi ma tana lalacewa, ga zafi, ga giris har gwiwar hannu, ga bututu yana yoyo, ga ruwa mai yawa da take sha. Sai dai matuƙan sun shekara saba'in suna jin kukanta, da jin sauti sun san ciwon, kuma ana rufe ɗaya a ci gaba da uku.

Laifin na waɗanda suka yi gaggawar dasa na'urar a jirgi tun ba ta nuna ba ne. Lantarkin kansa yana da amfani: fizgarsa da sauƙi, ba ya gajiyar da jikin jirgin sama, kuma ana iya rage masa ƙarfi don ƙananan jirage marasa matuƙi.

Sin ma, da ta zo gina jirgin ruwanta mai ɗaukar jiragen sama, Fujian, tsallake tururin ta yi gaba ɗaya, ta sa na lantarki guda uku.