Ɗan Legas ba ya samun jana'izar uwarsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa kakata rasuwa a ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel. Ita ta haifi mahaifina, ita kuma ta raine ni, Iya muke ce mata. Na gode wa duk waɗanda suka tako gaisuwa nan Agege, da waɗanda suka kira. Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. Sai dai kusan kowa ya zauna sai ya ce, "Ka kuwa samu jana'iza?" Alhali mai tambayar ma ya san amsa.

Ina fa za a samu? Ta cika bayan asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi an kai ta makwancinta. Haka addini ya koyar, a gaggauta, kuma ba na son a jinkirta gawar kowa saboda ni. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Mota ta tashi daga Agege ko Mil 12, ta bi Ibadan, Ilori, Jaba, Makwa, sai an kwana a hanya, kuma tun da hanyar Birnin Gwari ta zama abin da ta zama direbobi da yawa zagaye suke yi. Jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, ga mai hali, amma ko shi in ya sauke ka a Kano da sauran tafiya a gabanka. Saboda haka duk ɗan Arewan da ya ɗauki jaka ya sauka Legas, ya sani a ransa ba da shi za a ɗauki makarar tsohuwarsa ba. Rabonsa da ita shi ne abin da ya samu tana da rai. Mun san wannan sarai, amma muna zama kamar ba mu sani ba.

Babu takardar da ta nuna shekarun Iya. Ta dai ce lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Arewa a 1956 tana goyon ɗanta na fari, wanda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wannan yaron", ga shi da furfura fal. Kun ga ke nan ta doshi 90. Gidan da aka kai ta amarya a nan ta rasu, amma ba ta matsa ko'ina ba ta ga mulkin En'e, ta zama 'yar Jihar Kano a 1967, ta zama 'yar Jigawa a 1991. An sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ita kuwa da fam da jaka ta ci gaba da lissafinta, kuma ban taɓa ganin wanda ya cuce ta ko sisi ba.

Haihuwarta 11, biyar suka girma. Ƙyanda da zazzaɓi suka kwashe sauran tun suna ƙanana, sannan sanƙarau na 1996 ya ɗauke mata 'ya guda babba, ta bar mata marayu. A farin 1973 kakana ya hau jirgin ƙasa a Gagarawa ya tafi neman abin kai wa baka, ya bar ta da yara da rumbu wayam. Tafasa da yaɗiya da dusa ta riƙa haɗa musu. Ta ce a shekarar har gidan tururuwa mata suka tona don tsintar hatsi. Ba ta ba da labarin nan da kuka, cikin hira take sako shi, tana ɓarar gyaɗa, in ta ga wani jika ya ture tuwo ya ce miyar ba nama.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ko bayan cutar da ta kashe gyaɗar ƙasar Kano a 1975 ba ta bari ba, saye ta koma yi. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, take ba da sautu. Ta soya gyaɗar a kasko, ta murje, ta sheƙe, a kai inji. In an dawo da ita sai ta juye a turmi, ta kama taɓarya tana juyawa tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ba ta magana da kowa a lokacin, har mai ya fara tasowa yana kwanciya a sama. Ta kwashe a kwalabe, ta matse tunkuzar da hannu, ta murza, ta soya ta cikin man da ya fito daga jikinta. Hannunta na dama duk tabon ƙuna ne. Daga wannan turmin aka sayi awaki, daga awakin aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka biya kuɗin jarrabawa, aka ba samari kuɗin motar zuwa Legas. Akwai akuyar da take cewa ta Makka ce. Kullum in zuriyarta ta taru sai wata lalura ta taso a dangi, a kora su kasuwa. Ba ta je ba.

To amma tambayi ɗanta ko jikanta a nan Legas, "Tsohuwa tana wata sana'a?" Abin da za ka ji shi ne, "A'a, tana gida dai, mu ke riƙe da ita." Wannan maganar ce nake son mu sake dubawa, mu 'yan Agege da Mil 12 da Idi-Araba da Obalende. Wa ke riƙe da wa?

Yawancinmu a rumfa muke kwana, ko a shago, ko ɗaki guda mutum biyar. Hayar Legas ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali ga na yarjejeniya, shi ya sa kawo iyali ya gagari mutane da yawa. Matar tana ƙauye, yaran suna ƙauye, a hannun wa? A hannun tsohuwa. Ita ke tashi tsakar dare in jikin yaro ya yi zafi. Ita ke hura wutar wankan jego kwana 40, ta dama kunun kanwa. Ita ke raba faɗan kishiyoyi, ta ɓoye maka rabin abin da ya faru don kada hankalinka ya tashi a bakin nema. Cikin marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ita ke buɗe tukunyar da ba wanda ya san da ita. Kuɗin da muke turawa kuɗi ne, ban raina ba, da gumi aka same shi. Amma yana zuwa ne ranar da kasuwa ta yi kyau, yunwar yaro kuwa ba ta san ranar da kasuwa ta faɗi ba.

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mu tura daga nan, saƙo ya shiga wayar mai POS a can, amma takardar kuɗi babu ko ta magani. Makonnin nan da me gidaje suka rayu? A gidanmu dai Iya ce ta riƙa ba da ƙuli da mai ana ba ta gero da wake, kamar yadda ta ce sun yi a zamanin da. Ku tuna kuma Yunin 2022, da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, aka riƙa kama babura ana murƙushewa. Samarin garinmu da suka koma gida hannu rabbana, a tukunyar wa suka ci har suka farfaɗo?

Kuma ko muna nan ba ta bar ciyar da mu ba. Tirelar shanu in ta taso daga Maigatari za ta sauke a Oko-Oba, sau da yawa akwai ƙullina a wajen yaron mota. Tsohon buhun taki ne, an ɗaure bakinsa da tsumma. A ciki kuka ce dakakkiya, da busasshiyar kuɓewa, da daddawar batso, da yaji a gwangwanin madara, da ƙuli mai yawa, kowanne da ledarsa. Kullum akwai ƙaramin ƙulli daban da saƙon baki: "Wannan na maƙwabcinsa ne, Bayaraben da ke kula da shi." Ba ta taɓa ganin mutumin ba, sau ɗaya na ambace shi a hira. Ni kuwa "maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika, in na kira ta ce, "Maigida, har yanzu kana ɗakin kishiyata Ikko? Ni yaushe ne kwanana?"

Na san abin da za a ce. Neman halal ne ya kawo mu, ba yawon banza ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin tsoro, hanya ba tsaro, kuma in ka rufe rumfa mako biyu ka dawo ka tarar abokan cinikinka sun koma wajen wani. Duk gaskiya ne, a cikinta nake. Amma ku dubi abin da ke faruwa ran da waya ta yi ƙara da asuba. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa ba kuɗin mota, kafin azahar ya same su. Ya rufe rumfar, ba ta kuma gudu ba. Ya isa gida ya sayi buhunan shinkafa, wani har da sa, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a dawo ta arba'in. (Ba zan shiga saɓanin malamai a kan wannan ba, kowa ya bi malaminsa.) A ɗora hoto a Facebook da dogon yabo, kuma in ka lura da kyau hoton katin zaɓe ne aka ɗauka da waya, don babu wani a hannun kowa. Ashe kuɗin suna nan, lokacin ma yana nan. An dai kashe su ne wajen zama a tabarma a ƙofar ɗakin da mai shi ba ta ciki.

Wani mutum ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce eh, aka ce ya koma ya yi jihadinsa a wajen hidimarsu. Wancan jihadi ke nan. Mu tumatir da albasa da shanu da canji ne suka riƙe mu.

Kuma abin da tsofaffin nan ke so bai kai yadda muke tsoro ba. Mu masu harkar dabbobi ba ma yin babbar salla a gida, lokacin ne kasuwarmu, sai an watse nake tafiya. In na je ba ta tambayar abin da na kawo. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinta, ta dama fura da hannunta, ta ce in zauna. Ta kama damtsena ta matsa ta ji ko na rame. Ta bi 'yan garinmu da ke Legas ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, wane yana salla kuwa, wane me ya hana shi aure. Ta maimaita labarin da na ji tun ina yaro. Na taɓa ce mata, "Iya, ai muna gaisawa a waya." Ta ce, "A waya kowa lafiya lau yake."

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari a nan Legas suna ƙoƙari. In an kama wani a haɗa kuɗin beli, in wani ya rasu a haɗa na likkafani da na iyalinsa. Me zai hana a buɗe adashin kuɗin mota, duk wanda ya ɗauka sharaɗi shi ne ya je gida ya kwana biyu, 'yan'uwa su tsare masa rumfa? Iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu, ku sallami yaron nan sau ɗaya a shekara, ku ba shi na mota, kada ku jira sai ya zo muku da jajayen idanu. Wanda kuma yake shirin ƙara aure don ya kai amarya ya ajiye wa tsohuwa mai shekara 80, ya kira abin "ta samu mai ɗebe mata kewa", ya ji tsoron Allah. In ana son a hutar da ita, a biya mai kawo ruwa, a sayi itace, a kai ta a cire mata yanar ido, aikin da ba ya ɗaukar lokaci amma tsofaffi da yawa a ƙauyukanmu suna zaune cikin duhu saboda ba wanda ya zo ya kai su.

Allah ya jiƙan Iya, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makoma, tare da duk iyayenmu da suka riga mu.

Sai magana ta ƙarshe ga 'yan garinmu da ke nan. Iya ta yi riƙon ajiya, ta kuma ba mutane da dama jari ba tare da shaida ba, ciki har da wasu da ke Legas yanzu. An yi sanarwa a wajen jana'iza, amma ku ba ku ji ba, shi ya sa nake maimaitawa: wanda yake bin ta wani abu ya faɗa a biya shi, wanda take bi ya kawo don a haɗa cikin gado, akwai marayu a ciki. Wanda ba shi da halin biya yanzu ma ya zo mu yi magana, ba wanda zai ji. Ina rumfa kullum bayan la'asar. Mako mai zuwa zan wuce gida in sha Allahu, masu saƙo su kawo da wuri, amma don Allah ban da kaya masu nauyi.