Yadda Gishiri Ya Ci Murfin da Na Ƙera

Ranar da na sayi tankin gilashi mai cin lita 200 domin kiwon kifin teku a falona, kafintan unguwarmu ya yanka mini kuɗin ƙera murfinsa, ni kuwa na ga ai zarto da guduma ba su fi ƙarfina ba. Na sayo filawud na yanka, na ɗaure da sukurorin baƙin ƙarfe, na maƙala fitila, sannan na shafe bayansa da banish har yana ɗaukar ido. Cikinsa kuwa na bar shi tsirara, domin a ganina baƙo ba ya leƙa can.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wato kilo 7 na ajiye a ƙarƙashin katakona ina ta sharar barci. Na san gishiri ba ya tashi tare da tururi, amma ban yi lissafin kumfar da famfon iska yake turowa ba, wadda take fashewa a saman ruwa, ta fantsama a jikin katako, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna daram. Tururin kuma yana taruwa a ciki ya zama gumi, bakin filawud yana sha kamar mai buɗa-baki.

Bayan wata uku murfin ya kumbura, ya karkace kamar hular da aka zauna a kai, tsatsa tana gangarowa daga kowane sukuru. Uwargida ta ɗaga shi ta ga farin ɓawo, ta ce, "Maigida, ashe gonar gishiri ka kafa mana ba mu sani ba?"

Na koma wurin kafinta da kunyata. Ya juya murfin, ya ce, "Alhaji, wannan sai dai makara." Shi ya ƙera sabo, ni na yi ɗan aike. Ya goge da samfefa, ya shafa ifoksi mai haɗi biyu, wato wani irin fenti mai hana ruwa shiga katako, har sau uku a ciki, ya fi ba bakin katakon muhimmanci, ya toshe kusurwoyi da silikon. Na kawo shawarar sukurorin tagulla saboda kyansu, ya tuna mini cewa jan ƙarfen da yake cikinsu guba ne ga murjani da jatan lande, don haka muka sa na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316. Ya huda baya ya sa ƙaramar fankar kwamfuta domin fitar da tururi, kuma ya hana ni ɗora shi sai da ya yi mako yana shan iska.

Da zai tafi ya karɓi ninkin kuɗin da ya yanka da farko, ya kuma tafi da tsohon murfin, wai zai riƙa nuna wa yaran shagonsa.