Babba Juji Ne: Nasiha Ga Waɗanda Suka Daɗe Cikin Bangaskiya

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku.

A wani zaman nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba a Kaltungo, mai jagora ya nemi wani saurayi da bai daɗe da shiga ajin baftisma ba ya karanta daga littafin Annabi Habakuk. Yaron ya yi ta juya shafuka gaba da baya, gumi na keto masa, na benci na baya kuwa har sun fara ƙunshe dariya. Sai wata dattijuwa daga zumuntar mata, wadda ita kanta da ƙyar take haɗa baƙi, ta matso ta buɗe masa wurin a nata tsohon littafin, ta ce, "Ɗana, ga shi nan, karanta a hankali, muna jin ka." A ganina, a ɗakin nan babu wanda ya kai ta girma a ruhaniya ranar.

Abin da Manzo Bulus yake nufi ke nan a Romawa 15:1, inda ya ɗora wa ƙarfafa nauyin ɗaukar kasawar raunana, ba faranta wa kansu rai ba. Shi kansa ya tabbata cewa babu abincin da yake da ƙazanta don kansa, amma a 1 Korantiyawa 8:13 ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya haƙura da shi har abada. Yana da sani, yana da 'yanci, ya ajiye su saboda lamirin wani.

Hausawa suna cewa babba juji ne. Wanda ya shekara talatin a ikilisiya dole ya iya haɗiye tambayar da aka maimaita masa sau biyar, da alkawarin da aka karya, da komawar sabon tuba ga abin da ya ce ya bari. Wannan ba rufe ido ga zunubi ba ne, domin Galatiyawa 6:1 ta umarci masu ruhaniya su komo da wanda ya faɗi, sai dai da tawali'u. Da Akila da matarsa Bilkisu, abokan aikin Bulus, suka ji wa'azin wani mai suna Afolos a birnin Afisa, suka lura baftismar Yahaya kaɗai ya sani, gefe suka ja shi suka ƙara fahimtar da shi. Mu kuwa, abin takaici, a zauren WhatsApp na ikilisiya muke yi wa mutum gyara, a gaban kowa.

Ku tuna kuma da Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a ƙasar Bamfiliya suna tsakiyar tafiyar wa'azi, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ne ya riƙe hannunsa zuwa Kubrus, daga baya kuwa Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Ran Lahadi mai zuwa, ku duba wurin zaman da ya daɗe babu mai shi. Wataƙila mace ce da ta kasa sayen ankon zumunta, kunya ta hana ta fitowa. Kafin a kai sunanta gaban dattawa, wani a cikinmu ya taka zuwa gidanta ya gaishe ta.