Ku bar ɗan kanari a sheƙarsa har ya ji muryar ubansa

Da damina ɗan ƙanwata ya hau bishiyar bedi a unguwarmu ta Birni ya ɗauko ɗan kanari daga sheƙa, ko gashi bai gama fito masa ba. Ya sa shi a keji, yana ba shi jiƙaƙƙen gero da tsinke. Tsuntsun ya rayu, ya yi ƙiba ma. Amma wata biyar ke nan, abin da ke fita daga bakinsa guntun tsuwa ne kawai, ya fara ya katse. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana kiwon kanari ya saurare shi ya ce wa yaron: "Ɗana, wannan bai ji na manya ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce tsantsa. Zakara ko ka rufe shi shi kaɗai tun yana ɗan tsako, ranar da ya isa zai yi cara. Kurciya ma da kukanta ake ƙyanƙyashe ta. Tsuntsaye masu waƙa kuwa koyo suke yi, kamar yadda yaro ke koyon magana. Da farko ɗan tsuntsun shiru yake yana sauraron ubansa da mazan da ke kusa, yana haddacewa. Daga baya ya fara gwaranci a hankali, yana jin muryar kansa yana gwada ta da wadda ya riƙe, kullum yana maimaitawa kamar almajiri yana tilawa, har waƙar ta zauna.

An gwada wannan. A shekarun 1950 William Thorpe na jami'ar Kambirij a Ingila ya rene wasu 'yan tsuntsaye inda ba sa jin manya, suka girma da waƙa gurguwa. A 1965 Masakazu Konishi ya nuna cewa wanda ya kurumce kafin ya fara gwaji ba ya iya fitar da waƙar, ko da ya riga ya saurare ta. Peter Marler kuma ya gano a Kalifoniya cewa tsuntsaye iri ɗaya suna da karin harshe daga yanki zuwa yanki, kamar yadda Hausar Damagaram ta bambanta da ta Tawa.

Wanda ya fi ba ni mamaki a tsakar gidajenmu yake. Ɗan jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaba kusa da turmi, akwai wani ƙaramin baƙin tsuntsu da matarsa ke zuba ƙwai a sheƙar jan. Ɗan baƙon ya tashi a hannun masu riƙo, sai ya girma yana rera waƙarsu, kuma macen jinsinsa tana neman namijin da ke yin waƙar gidan da aka rene ta.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga yara da danƙo suna harbin manyan, ko suna kwashe sheƙa, iyaye kuma suna kallo. Namijin da ba shi da waƙa da wuya ya samu mace, da wuya ya tsare wurinsa. A Ostareliya akwai tsuntsun da ya yi ƙaranci har samarinsa suka rasa manyan da za su saurara, suka koma kwaikwayon wasu jinsuna.

Yaron bai yi da mugunta ba, son tsuntsun yake. Mun kai kejin gidan dattijon, an rataye shi a zaure kusa da tsohon kanarinsa. Kowace safiya kafin ya tafi lakwal sai ya biya ya tsaya ya saurara.