Shafi ɗari na farko: ƙorafin masu karanta littafin Umberto Eco da abin da suke tsallakewa

Tun da aka buga *Il nome della rosa* a Italiya a 1980, ƙorafin masu karatu a kansa bai canja ba. Wannan shi ne littafin Umberto Eco da Turawan Ingila suka sani da *The Name of the Rose*, Larabawa kuma *Ismul Warda*. An sayar da miliyoyin kwafi, ya ci kyautar adabi ta Italiya mai suna Strega a 1981, amma har gobe za ka ji wanda ya ce ya sayi labarin kisa, sai ya tsinci kansa a zauren muhawarar addini, ya ajiye littafin tun bai kai rubu'insa ba. Ra'ayina shi ne yawancin abin da ake kira cikon shafi a littafin nan, shi ne ƙashin bayan labarin. (Wanda bai karanta ba ya sani, zan fasa ƙwai a kan ƙarshensa.)

Labarin ya faru ne a ƙarshen Nuwamba 1327, shekara uku bayan hajjin Mansa Musa, a wani gidan ibadar ruhubanawan Kirista da ke kan dutse a arewacin Italiya. William na Baskerville, ɗan ƙungiyar ruhubanawa ta Faransiskan, da almajirinsa Adso sun iso suka tarar an tsinci gawar wani matashi mai zana littattafai a gindin hasumiya, sai shugaban gidan ya ɗora wa William binciken. Cikin kwana bakwai gawawwaki suka yi ta ƙaruwa. An raba kowace rana bisa lokutan addu'a takwas na gidan, daga wajen biyu da rabi na dare zuwa shida na yamma. Mai karatun da ya yi watsi da waɗannan lokuta ya yar da agogon binciken, domin da su ake gane wa ya ɓace daga sahu, da lokacin da ake garƙame ƙofofin babban ginin.

Ƙorafi mafi girma shi ne shafi ɗari na farko. Eco da kansa ya faɗa a bayanin da ya fitar a 1983 cewa abokansa da editoci sun ba shi shawarar ya rage su, ya ƙi, don yana son mai karatu ya saba da takun gidan kafin ya zauna cikinsa kwana bakwai. To me ke cikin shafukan? Rigima ce a kan ko Annabi Isa da almajiransa sun mallaki dukiya. A 1322 ƙungiyar Faransiskan ta yi taro a Perugia ƙarƙashin Michele na Cesena, ta ce ba su mallaki komai ba. A 1323 Fafaroma John na 22, wanda ke zaune a Avignon, ya ce wannan magana ɓata ce. Sarki Louis na Bavaria, da ke takun saƙa da Fafaroma, ya goyi bayan Faransiskan. Duk wannan tarihi ne tabbatacce. Abin da Eco ya ƙirƙira shi ne taron sulhu tsakanin ɓangarorin biyu a wannan gida.

Dubi yadda rigimar ke juya labarin. Shugaban gidan yana matsa wa William ya gama bincike da wuri, domin tawagar Fafaroma na tafe da maharba ƙarƙashin Bernard Gui, alƙalin farautar 'yan bidi'a, wanda mutum ne da ya rayu da gaske kuma ya yi wannan aiki a Toulouse. Idan ya iso ba a kama mai kisa ba, ikon gidan zai koma hannunsa. Haka kuwa aka yi. Gui ya gano cewa Remigio, ma'ajin abincin gidan, tsohon mabiyin Dolcino ne, jagoran tawayen da aka ƙona a 1307. Da aka yi masa barazanar azabtarwa, Remigio ya amsa laifin kisan da bai aikata ba. Wanda ya tsallake shafukan Dolcino zai ga shari'ar nan kamar an jefo ta daga sama, alhali nan ne littafin ya ajiye hanyoyin bincike biyu kusa da kusa: mai bin sawu da alama, da mai neman ikirari ko ta halin ƙaƙa.

Ƙorafi na biyu shi ne wai William ya fi ƙarfin zamaninsa, har da tabarau a hanci. An ƙirƙiri tabarau a Italiya wajen 1286. A wata huɗuba ta 1306 a Florence, Giordano na Pisa ya ce ba a cika shekara ashirin da gano sana'ar ba. Saboda haka a 1327 abu ne da ake samu amma bai yaɗu ba, shi ya sa mutanen gidan ke kallonsa da mamaki, kuma sace shi da aka yi ya hana William karanta wata takardar sirri na ɗan lokaci. Eco, wanda ya rubuta kundin digirinsa a kan Thomas Aquinas, malamin addinin Kirista na ƙarni na 13, ya ce sau da yawa wuraren da ake zarginsa da cusa tunanin zamani, kalmomin marubutan ƙarni na 14 ne ya ɗauko. Hatta watan da ya zaɓa lissafi ne. Yana buƙatar randar jinin alade da za a tsoma gawa ta biyu a ciki, ƙafafu sama, kuma ba a yankan aladu sai sanyi ya kama. A Disamba kuwa Michele, wanda ake buƙata a taron sulhun, ya riga ya isa Avignon. Sai ya tsaya a ƙarshen Nuwamba, ya ɗora gidan bisa dutse don sanyi da dusar ƙanƙara su sauka da wuri.

Sai maganar gubar da ke kashe ruhubanawan. Littafin da ake mutuwa a kansa shi ne kashi na biyu na aikin Aristo kan fasahar waƙa, wanda ake jin ya yi magana a kan barkwanci kuma bai iso gare mu ba. Kashi na farko ya tsira, Abu Bishr Matta ya fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, Ibn Rushd ya yi masa sharhi. A labarin, Jorge, tsoho makaho mai ƙin dariya, ya shafa guba a gefen shafukan. Ba a kan fata aka rubuta wannan kashi ba kamar yawancin littattafan gidan, a kan takardar tsumma ne, wadda laima ke sa ta manne. Mai buɗawa sai ya lasa yatsa, ya ja shafi, ya sake lasa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin da damina ta taɓa ya san wannan motsi. Alamar da ta rage a jikin mamatan ita ce baƙi a kan yatsu da harshe, William kuwa ya tsira domin ya sa safar hannu. An shuka waɗannan alamu a cikin zantukan sana'ar littafi da na haɗa magani, wato inda masu gaggawa suka fi tsallakewa.

Akwai inda nake tare da masu ƙorafi. Jimlolin Latin da aka bari ba fassara sun yi yawa, kuma wasunsu na ɗauke da ma'anar da ake buƙata. Ɗan Italiya da ya yi Latin a makaranta zai lallaɓa, mai karatu a Kano ko Alƙahira an rufe masa ƙofa ba dalili. Siffanta sassaƙen ƙofar coci ya ja shafuka fiye da kima. Mace ɗaya tilo da ke labarin ko suna ba ta da shi, ta shigo neman abinci ta ƙare a hannun Gui. Musulmi kuma zai ci karo da maganganu masu ɗaci a kan Musulunci daga bakin ruhubanawan, haka mutanen wurin da zamanin suke magana. Amma a littafin nan dai William na jinjina wa Ibnul Haisam kan ilimin gani da madubi, Adso kuma ya gane ciwon son da ke damunsa ta hanyar maganganun Ibn Hazm da Ibn Sina.

Abin da ya fi ɓata wa masoya labarin bincike rai shi ne ƙarshe. William ya bi tsarin ƙahoni bakwai masu shelar masifu na littafin Wahayi da ke ƙarshen Baibul, yana zaton mai kisa na bin su ɗaya bayan ɗaya. Ashe babu wani tsari: na farko kansa ya kashe, uku guba ta ci su, an fasa wa mai magani kai, shugaban gidan kuma an toshe shi a wata ɓoyayyiyar matakala. Ya kai ga Jorge ta kuskuren lissafi, Jorge ya cinye shafukan, fitila ta faɗi, ma'ajiyar littattafai mai ɗaki 56 ta ƙone tare da gidan. Fim ɗin 1986 da Sean Connery ya fito a ciki ya lallashi masu kallo, ya kuɓutar da yarinyar, ya kashe Gui a faɗuwar keken doki. Bernard Gui na tarihi ya rasu a 1331 yana bishop na Lodève, shekara huɗu bayan lokacin labarin, kuma littafin ya bar shi ya fice daga gidan da fursunoninsa uku, lafiya lau.